Ƙaramar Motar Abu Nasir

Tun ranar da aka dawo hutu Bilki da Maryam ba su bar ni na sarara ba. A aji, a layin famfo, har a masallaci bayan an sallame sai wata ta taɓo ni: "Safiya, wai da gaske ne har titin Doha akwai esi?" Kun kuwa san ni, da mutane sun wuce biyu bakina ba ya buɗuwa. Shi ya sa na ce bari in rubuta, wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita. Sai dai in gaya muku tun yanzu, rabin kwanakin da na yi a Doha wajen neman tsohuwar mota suka tafi.

Babana direba ne a gidan wani dattijon Balarabe. Shekararsa shida a can, rabona da shi kuwa shekara uku. Dattijon ne ya yi mana takardun ziyara, ni da Umma, aka bar ƙannena uku a hannun Goggo a Zariya.

Daga Zariya zuwa Kano ba abin da ya faru, in ban da Umma da ta sa aka tsaya sau biyu don ta tabbata jakar kayan miya tana nan. Kuka, daddawa, yaji, busasshiyar kuɓewa, duk na Baba. A jirgi sanyi ya dame ni, amma kunya ta hana ni roƙon bargo, sai da wata mata ta kusa da mu ta ga ina rawar ɗari ta roƙar mini. Banɗakin jirgi kuma, duk wadda za ta shiga ta shirya. Ina danna maɓallin kora ruwa ya yi wata irin ƙara, na ɗauka ƙofar jirgin na buɗe.

Da muka sauka, aka sa ni kallon wani gilashi mai ɗaukar hoton ido. Sau uku ina ƙiftawa ana sakewa. Daga nan aka zo kan jakar Umma. Wata ma'aikaciya ta buɗe robar daddawa, ta kai hanci, ta yi maza ta rufe, ta kira abokiyar aikinta. Ita ma ta shinshina ta ja da baya. Umma sai nanatawa take yi: "Miya ce, miya!" Can na tuno sunan miya da Larabci daga Islamiyya, na ce a hankali, "Maraƙ." Suka kalli juna, ɗaya ta ce, "Maraƙ?" kamar tana tausaya mana, ta ƙara wa robar leda biyu ta miƙo.

Baba yana tsaye a bakin fita. Ya rame kaɗan, gemunsa ya yi furfura. Suka gaisa da Umma, sannan ya kalli wani wuri can saman kaina ya ce, "Yayar tasu ta yi tsawo." Ni ce 'yar fari, kun san yadda abin yake a gidajenmu. Bai taɓa kiran sunana ba, ni ma daga gaisuwa ba na ƙara komai.

A wata unguwa da ake kira Mansura muka sauka, hawa na uku, a ɗakin wani abokin Baba da ya tafi hutu gida. Gida ɗaya ne aka yayyanka da katako aka yi ɗakuna biyar. Na dama da mu 'yan Sudan ne, na hagu 'yan Nepal, kicin ɗaya ake haɗuwa. Ranar da Umma ta kaɗa miyar kuka sai da kowa ya leƙo. A ƙasan gidan akwai mai shayi, amma ba benci ba tebur. Mota ce za ta tsaya ta yi ham, a fito da gudu a kai wa mai ita shayi ta taga. Karak suke ce masa, madara ta yi masa yawa, ga kanumfari da wani abu mai ƙamshi. Na ce a raina, a je a yi wa mai shayin bakin makarantarmu ham a gani.

Rana ta biyu Baba ya shigar da mu jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa. Na je har gaba ina neman direba, na tarar da gilashi kawai da wasu yara suna kallon hanya. Baba ya ce wa Umma, "Kin gani ko? Nan har jirgi ya sallami direbansa." Ya yi dariya, amma ba ta kai ido ba.

Washegari da safe na gane dalili. Ina wanke kofuna, Baba yana yi wa Umma bayani a ɗaki, katakon nan kuwa ba ya ɓoye magana. Uban gidan Baba, Abu Nasir, ya tsufa, ya daina zirga-zirgar cikin gari. Ya sayi wata babbar mota mai ɗaki a ciki, wadda suke kira karafan, yana so ya riƙa zama a bakin teku lokacin sanyi. Ɗansa Nasir kuma yana so a kawo saurayin direba, ga shi takardar aikin Baba a ƙarshen watan za ta ƙare. Dattijon ya ce a dakata: Baba ya nemo ƙaramar motar da za a riƙa ja a bayan karafan, ya kai su tafiyar farko, daga nan a yanke magana.

"In na ɓata, sai dai mu koma Zariya mu uku," in ji Baba.

Umma ta ce, "Makarantar yaran fa, Malam?"

Bai amsa ba. Na ci gaba da wanke kofin da na riga na wanke.

Da yamma aka kai mu gaishe da mutanen gidan. Abu Nasir ɗan siriri ne, da sanda, da ƙarar murya. Yana hango mu ya ɗaga sandar ya ce, "Abu Safiya!" Ashe a can da sunan ɗan fari ake kiran mutum. Sunan da Baba bai taɓa furtawa ba, shi ake kwaɗa masa sau ashirin a rana. Baba ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da laifi, Umma ta toshe baki da mayafi.

A ɓangaren mata, matar gidan, Ummu Nasir, ta sa aka kawo shinkafa da kaza a faranti mai faɗin tabarma, da busasshen lemon tsami baƙi ƙirin a ciki wanda na ɗauka gawayi ne. Sai gahawa a ɗan mitsitsin kofi, ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Ina shanyewa in miƙa kofin, a sake cikawa. Sai da na sha biyar kafin Ummu Nasir ta kama hannuna ta girgiza kofin tana dariya. Haka ake cewa an ƙoshi. Da aka kawo turaren wuta kuma muka gyara zama, mu a wurinmu ai yanzu hira ta fara. Su kuwa sallama ce.

Kafin mu tafi aka nuna mana karafan. Tsawonta ya kai ajinmu. Akwai gado, da kujeru, da murhu, da firji, da banɗaki har da shawa. Na so in tambayi me za a yi da wata mota bayan wannan, sai Umma ta riga ni. Baba ya ce, "In an kafa ta an shimfiɗa rumfa, ai gida ce. Za ki ɗauki gida ki je sayen burodi?"

Umma ce ta ce ya riƙa tafiya da ni neman motar, wai in ga gari. Garin da na gani Sana'iyya ce, unguwar gareji-gareji da rumbunan kaya. Tituna masu lamba maimakon suna, ƙarar ƙarfe, maza ko'ina, mace ko ɗaya babu. Yawanci a mota nake zama da littafi a hannu, domin Baba ya ce wa iska, "A riƙa rubuta abin da aka gani," na kuma san da ni yake.

Abokin tafiyarmu Malam Inusa ne, bakanike, mutumin zangon Kumasi, gajere mai tumbi. Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Yana ganina ya ce, "Wannan ne yarinyan? Kai, ya yi kama da kai!" Kullum da tsokana yake tarar Baba. "Zage-zagi, ka zo da kuka na? In babu kuka, babu mota."

Mota ta farko Nasir ne ya turo hotonta. Ja ce, tana sheƙi, kujerun fata. Dillalin ya buɗe mana ƙofa yana shafa ta kamar doki. Malam Inusa ko zagaya ta bai yi ba, ya leƙa ta taga ya ce, "Khalas, magana ya ƙare. Otomatik." Ya juyo wurina, tunda ni ke da biro. "Rubuta. In ka ja irin wannan, taya huɗu a ƙasa, inji a kashe, man giya ba ya zagayawa. Kafin ka fita gari giya ya dahu. Sai dai ka ɗora shi a tirela, tsohon nan kuma ya ce ba ya son tirela." Abin da ake nema mai giyar hannu ce, wadda za a sa a firi ta bi baya salin alin.

To, a Doha neman mota mai giyar hannu aiki ne. Wani dillali ya tambayi Baba ko ta tarihi yake so, ta ajiyewa a falo. Wani ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji abin da muke nema. Mu a gida ita ce motar kowa.

Ta biyu jif ce mai giyar hannu, Baba har ya fara murmushi. Malam Inusa ya karanta wani ɗan ƙarfe a jikin ƙofa ya girgiza kai. "Nauyi. In ka taka birki, wannan zai ture ku ku shiga teku da gadonku." Ta uku ƙarama ce, fes da ita. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta, ƙafafunsa kawai muke gani, silifas ɗinsa ɗaya shuɗi ɗaya kore. Ya daɗe. Da ya fito ya ce ruwan gishiri ya ci ta, gabanta kuma an taɓa yi masa walda. Nan ne za a ɗaure ƙarfen ja. "Za ka isa bakin teku da bamba, sauran motan yana hanya."

Kwana uku muna haka. Kullum Nasir sai ya bugo waya, ina jin muryarsa daga inda nake zaune, Baba yana ta "Insha Allah, insha Allah."

Rana ta huɗu muka same ta, ba ma a wurin dillalai ba. A bayan wani gidan burodi take, ta wani Basudane ce da ke rarraba burodi da ita. Fara, ƙarama, ƙirar Japan, ƙofa ɗaya ta loɓa, kujerar baya ta koɗe. Cikinta ƙamshin burodi kawai. Malam Inusa ya shiga ƙarƙashi, ya fito, ya buɗe gaba, ya zaro sandar mai ya murza a yatsa, ya kunna esi ya sa tafin hannu. Ya duba takardunta. Sai ya miƙa wa Baba makulli. Baba ya taka kuloci ya sa giya, muka zagaya layin. Na ga kafaɗunsa sun sauko. Har wata 'yar waƙa ya fara a maƙogwaro, sai ya tuna ina nan ya mayar da ita tari.

Da aka kai ta gida, Nasir ya fito da farar riga mai guga, ya zagaya ta sau ɗaya. Ba sai an fassara mini fuskarsa ba. Ya karɓi makulli ya shiga don ya nuna ba ta da kirki. Motar ta yi tsalle ta mutu. Ya sake, ta sake. A karo na uku Abu Nasir yana dariya har da buga sanda a ƙasa. Baba bai yi dariya ba. A hanya ya ce wa Malam Inusa, "Da ma bai yi masa dariyar nan ba. Ni za ta dawo wa."

Aka yi kwana biyu ana haɗa ƙarfen ja da wayar fitilu. Da aka gama Malam Inusa ya ɗaga yatsu uku a fuskar Baba. "Zage-zagi, kafin ka tashi: giya a firi, birkin hannu a ƙasa, makulli a ciki don kar sitiyari ya kulle. Ka manta ɗaya, ka sayi sabon inji." Na rubuta.

Ranar Alhamis da hantsi muka kama hanyar kudu. Maza uku a gaba, mu mata uku a baya, da labule a tsakani. Akwai 'yar taga ta baya, na zauna ina kallon ƙaramar motar tana bin mu ba kowa a ciki, sitiyarinta yana juyawa shi kaɗai a kan kwana. Hanyar ba rami ko ɗaya, ba shingen masu tsayar da mota, ba mai tallan gyaɗa. Na ga raƙuma a bayan waya, na ga hasumiyoyi masu aman wuta can nesa. Ummu Nasir ta kama hannun Umma tana koya mata sunayen 'ya'yanta da jikokinta, Umma tana "Masha Allah" a kan kowanne.

Bayan azahar muka tsaya a wani gidan mai. Abu Nasir ya ce tunda an saye ta, a ga amfaninta: a kwance ta a je cikin ƙauyen nan a sayo burodi mai zafi. Baba ya kwance ta cikin minti kaɗan. Umma ta tura ni in riƙe burodin. Muka je muka dawo, ya daidaita ta a bayan karafan daidai wa daida, sau ɗaya, ba gyara. Nasir yana tsaye a gefen taga yana duba agogo yana gaggauta mu: "Yalla, yalla."

Sai hannun Baba ya yi abin da ya saba. Ya tura giya ɗaya, ya ja birkin hannu ƙarrr, ya zare makulli ya jefa a aljihu. Shekara talatin haka yake barin mota. Ƙofar gidanmu a Zariya gangare ce, har dutse yake sa wa taya. Bai ma san ya yi ba.

Ni na gani. Na buɗe baki, na ga Nasir, na ga ƙeyar Baba, na rufe. Tunda aka haife ni ban taɓa ce wa Baba ya yi kuskure ba. Na rungumi burodin na shiga karafan, ina jin su suna ɗaure ƙarfen ja.

Na raɗa wa Umma a kunne. Ta zaro ido. "Je ki faɗa masa!"

"Ni?"

"To ni zan ratsa maza? Tashi!"

Aka rufe ƙofar gaba. Inji ya tashi, ƙasan motar ya fara rawa a tafin ƙafata. Zan faɗa muku gaskiya, tunda a takarda ne. Wani tunani ya zo mini: in na yi shiru, motar za ta lalace, Nasir zai sami abin da yake so, Baba zai bi mu gida. Zai riƙa zama a ƙofar gida da yamma da rediyonsa. Autanmu da bai san shi ba sai a waya zai san shi. Tunanin bai fi ƙiftawar ido ba, amma ya zo, kuma ya yi mini daɗi.

Sai na tuna yadda ya yi shiru da Umma ta tambaye shi makarantar yara. Na ɗauki farantin dabino na ɗaga labule. Tafiyar ba ta fi taku shida ba. Na miƙa wa Abu Nasir, na miƙa wa Nasir, sannan na durƙusa kusa da kujerar Baba. Dabinon nake kallo, na ce da Hausa, da muryar mai miƙa abinci, "Baba, ga dabino. Giya tana ɗaya, birki yana sama, makulli yana aljihunka."

Hannunsa yana kan giyar karafan. Ya sauke shi a hankali. Ya ɗauki dabino ɗaya ya ci, ya cire ƙwallon, ya ce musu da Larabci bari ya duba taya. Ya fita. Ba wanda ya gane komai, na koma bayan labule.

Na ɗauka an gama. Amma da ya dawo bai tayar da mota ba. Ya juya wurin Abu Nasir ya yi magana mai ɗan tsawo, yana nuna baya, yana kwatanta jan birki da hannu. Umma ta dafe kai. "Wayyo Malam, wa ya tambaye ka?" Nasir ya ɗaga hannu biyu sama yana magana da sauri. Abin da ya biyo baya, Baba ne ya fassara wa Umma daga baya ina ji.

Dattijon ya tambaye shi, "Shekara nawa kana jan birkin nan?"

"Talatin."

"Ka taɓa mantawa ba ka ja ba?"

"Ko sau ɗaya."

Ya juya wurin ɗansa. "Ka ji? Hannunsa in ya yi abu ba tunani, birki yake ja. Wanda za ka kawo mini, nasa hannun waya zai danna." Ya buga sanda a ƙasa. "Yalla, Abu Safiya."

Kwana biyu muka yi a bakin teku. Ruwan gishiri ne sosai, na ɗanɗana da ba wanda ke kallo. Yashi ya shiga ko'ina, har cikin shinkafa. Ƙaramar motar ta kai maza sallar Juma'a, ta sayo kifi, ta sayo ƙanƙara, da yamma kuma na hango Nasir a cikinta can nesa da tantunan jama'a shi kaɗai yana fama da kuloci. Ranar da za mu dawo Baba ya zagaya ta sau uku kafin ya tashi. Da muka isa Doha, Abu Nasir ya sa hannu a takardar aikin Baba. Shekara biyu.

Ranar tafiyarmu Baba ya kai mu filin jirgi da safe, da jakar tsaraba ta ƙannena. Fuskarsa a sake, yana ta lissafa wa Umma saƙonni: a gaida Goggo, a gyara rufin kicin, kar a bar auta ya riƙa fita titi. Da aka zo rabuwa ya ɗora hannu a kaina, ya bar shi ya ɗan jima, sannan ya juya da sauri ya ce zai je ya duba inda ya ajiye mota.

Bilki, kin tambaye ni ko na ji daɗin tafiyar. Na ji. Umma ma ta ce na kyauta, ta faɗa sau biyu kafin barci ya ɗauke ta a jirgi. Layinmu kujeru uku ne, ni a taga, ita a tsakiya. Ta ukun ba wanda ya zo ya zauna har aka rufe ƙofa. Na ɗan jima ina kallonta, sannan na miƙa hannu na ɗora jakata a kai.